Hajiya Gambo Sawaba (1933-2001): taimakon jama'a da neman haƙƙin mata, daga Zariya zuwa ƙasar Matameye

1. Gabatarwa

Garin Yauri yana cikin ƙasar Matameye, a kudancin jihar Damagaram, ba nisa da iyakar Nijar da Nijeriya. Wanda ya tashi daga Matameye ya yi kudu bisa hanyar mota, zai ratsa Ɗan Barto, ya tsallaka Kwangwalam, ya isa Daura, daga nan sai Kano. Mutanen gefen biyu harshensu ɗaya, suna cin kasuwa tare, suna auratayya, kuma tsofaffi sukan kira wancan gefe «Ingilishi», wannan gefe «Faransi». Duk da haka, a zaɓen watan Maris na 1957 doka ta ba macen Yauri ikon jefa ƙuri'a, alhali ƙanwarta da aka kai aure Daura ba ta sami wannan iko ba sai a 1976. Kusan shekara 20 ke nan tsakanin ƴan uwa biyu, ciki ɗaya.

Cikin waɗanda suka sha wuya a waɗannan shekaru domin matan arewacin Nijeriya su sami ƙuri'a, ba wadda sunanta ya kai na Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Manufar wannan ƙasida ita ce ta bayyana rayuwarta da aikinta, ta nuna yadda ta haɗa abu biyu da aka saba rabawa: taimakon mabukata hannu da hannu, da kuma neman a canza dokokin da ke jefa su cikin bukata. Daga baya za mu dawo wannan gefen iyaka, mu auna abin da tarihinta yake koya mana game da matan ƙasar Matameye.

2. Kalmar «sawaba»

Kafin ta zama suna, «sawaba» kalma ce ta yau da kullum. Masana harshe suna danganta asalinta da Larabci, amma a bakin Bahaushe ma'anarta sauƙi ne bayan tsanani. Majinyaci yakan ce ya sami sawaba idan ciwo ya lafa. Ɗan kasuwa yakan ce hatsi ya yi sawaba idan kuɗinsa ya sauko.

A shekarun 1950 kalmar ta shiga siyasa a ƙasashen biyu. Ran 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda da Hausa ake kira Jam'iyyar Neman Sawaba. Alamarta tauraro, kuma daga 1953 Malam Aminu Kano ne shugabanta. A Nijar, jam'iyyar Jibo Bakari, mai alamar raƙumi, ita ma da sunan Sawaba talakawa suka san ta. Jam'iyyun biyu magoya bayansu iri ɗaya ne: direbobi, teloli, mahauta, ƙananan ƴan kasuwa, wasu malaman allo, da matan gari masu zaman kansu. Abin da suke kuka da shi ma ɗaya ne: haraji da jangali, aikin tilas, da ikon sarakai wanda Turawan mulkin mallaka suka ɗaure wa gindi. Da aka haramta Sawaba a Nijar a 1959, ƴaƴanta da yawa Kano suka gudu, kuma mutanen NEPU ne suka sauke su. A 1964 wasunsu suka komo da makamai ta wurare daban-daban na iyaka, har da kudancin Damagaram, gwamnatin Diori Hamani ta murƙushe su. Saboda haka sunan da Gambo ta ɗauka ba baƙo ba ne a kunnen dattawan ƙasar Matameye.

3. Asali da ƙuruciya

An haife ta ran 15 ga Fabrairu 1933. Sunanta na yanka Hajaratu. «Gambo» suna ne da Hausawa ke ba wanda aka haifa bayan tagwaye. Mahaifinta, Isa Amartey Amarteifio, mutumin ƙasar Gana ne wanda aikin jirgin ƙasa ya kawo Nijeriya, ya zauna Zariya, ya musulunta. Mahaifiyarta Fatima Banufiya ce. A Sabon Garin Zariya ta tashi, unguwar baƙi da ma'aikatan reluwe, inda Hausawa da Yarabawa da Nufawa da Ibo suke zaune gida kusa da gida. Wannan ya bambanta ta da ƴan matan birni, waɗanda suka tashi cikin ganuwa, ƙarƙashin idon fada.

Ta fara makarantar boko a Tudun Wada, amma karatun bai yi nisa ba. Mahaifinta ya rasu a 1943, mahaifiyarta ta bi shi bayan shekara 3. Tana da shekara 13 aka yi mata aure da wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin duniya na biyu. Tana ɗauke da cikin fari mijin ya tafi, bai komo ba. Ta haifi ɗiyarta Bilkisu ba miji a gida, ba uwa, ba uba.

Wajibi ne mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa uku: karatun da ya yanke, auren ƙuruciya, da watsin da aka yi da ita. Su ne ainihin abubuwan da za ta yi shekara 50 tana magana a kansu. Masu rubuta tarihinta, kamar Rima Shawulu wanda littafinsa ya fito a 1990, sun kawo cewa tun tana yarinya takan shiga faɗan da ba nata ba idan ta ga an fi ƙarfin wani, kuma takan kusanci masu taɓin hankali da ke yawo a titi, ta ba su abinci da tufafi, a lokacin da sauran yara ke jifansu. Wato halin tausayi ya riga siyasa zuwa.

4. Gwagwarmaya cikin NEPU

4.1. Yadda mulki yake a lokacin

A arewacin Nijeriya Ingila ta yi mulki ta hannun sarakai. Hukumar gargajiya, wadda ake kira En'e, tana da baitulmalinta, da ƴan dokarta, da kotunan alƙalai, da gidajen kaso. Jam'iyyar NPC ta Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a kan wannan gini ta dogara. Saboda haka ɗan NEPU da aka kama bisa laifin yin lacca ba izini, ko ɓata sunan sarki, ɗan dokar En'e ne zai kama shi, alƙalin En'e ya yanke masa hukunci, a rufe shi a kason En'e. Ba inda zai kai kuka. Bayan haka ga ƴan daba, irin waɗanda aka yi wa laƙabi da «ƴan mahaukata» a Kano, masu tarwatsa taron ƴan adawa da sanduna.

Idan haka abin yake ga namiji, na mace ya fi. Macen da ta tsaya gaban jama'a tana magana, nan take za a kira ta karuwa. A Hausar wancan zamani kalmar tana iya nufin bazawarar da ke zaune a ɗakinta ba ƙarƙashin miji ko uba ba, amma a bakin abokan gaba zagi ce, kuma makami ne na rufe baki. Matan aure na kulle ba sa fita taro. Waɗanda ke fita an riga an zubar da mutuncinsu. Da wannan dabara aka tsare fagen siyasa ga maza.

4.2. Shigarta

Gambo ta yanki katin NEPU tana da shekara 17, a lokacin da a Zariya ake taron jam'iyyar a ɓoye. Labarin da ya shahara shi ne na wani taro inda aka nemi wanda zai tashi ya yi magana, maza suka yi shiru don tsoro, ita ta hau dandamali. Labari biyu ake bayarwa game da sunanta: wasu sun ce jagoran NEPU na Zariya, wanda shi ma Gambo Sawaba ake ce masa, shi ya kira ta «Sawabiya», wasu sun ce Malam Aminu Kano ne ya raɗa mata. Ba da jimawa ba ta zama shugabar matan jam'iyyar a Sabon Gari, daga baya ta ƙasa baki ɗaya.

Ta yi tafiya har Abekuta, ƙasar Yarabawa, domin ganin Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ƙungiyarta ta matan kasuwa ta yi bore kan harajin mata har sarkin garin, Alake Ademola, ya sauka daga gadon sarauta a 1949. A can ta ga da idonta cewa mata marasa karatun boko, idan suka haɗa kai, suna iya girgiza fada.

Hanyar aikinta mai sauƙi ce. Tun da namiji ba ya shiga gidan kulle, ita takan shiga. Takan bi gida gida, ta zauna da mata a tsakar gida, wajen biki ko suna, ta yi musu bayani da Hausar da suke ji. Abubuwan da take nema ba su canza ba: a daina aurar da yarinya tun ba ta isa ba, kuma ba da sonta ba; a sa ƴaƴa mata makaranta; a hana aikin tilas da harajin zalunci; a ba mata aiki; a ba su ƙuri'a.

4.3. Kaso da duka

A farkon shekarun 1950 jam'iyya ta aike ta Kano domin ta tara mata. Labari ya kai fada, aka kama ta, alƙali ya ɗaure ta, daga baya ma aka kore ta daga garin. Wannan shi ne mafari. Masu tarihinta suna lissafa ɗauri 16 a garuruwa daban-daban, ciki har da Kano da Zariya da Kaduna. An yi mata bulala, an aske mata kai, kuma akwai ranar da wasu maza shida suka yi mata duka suka yar da ita a daji, suna zaton ta mutu. Raunukan nan ta zauna da su har ƙarshen rayuwarta.

A 1956 ta jagoranci mata zuwa ofishin firimiya a Kaduna, suna neman a ba matan arewa ƙuri'a. Amsar masu mulki ita ce al'ada da addini ba su yarda ba. Abin lura shi ne NEPU ba daga wajen addini ta mai da martani ba. Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur malamai ne, ƴaƴan malamai. Hujjarsu ita ce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya zargi mazan da ke barin matansu cikin jahilci, kuma ɗiyarsa Nana Asma'u (1793-1864) ta tsara ƙungiyar ƴan taru, inda jajis ke kai karatu ƙauye ƙauye. Duk da haka, a zaɓen tarayya na 1959 matan kudancin Nijeriya sun jefa ƙuri'a, na arewa suna gida. Haka aka karɓi mulkin kai a 1960, haka jamhuriya ta farko ta faɗi a 1966. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, ƙarƙashin mulkin soja, matan arewa suka fara zaɓe, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar musu. A jamhuriya ta biyu Gambo ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim.

5. Gidan Sabon Gari

Idan aka tsaya ga abin da ya gabata, sai a ɗauka ƴar siyasa ce kawai. Amma rabin aikinta a cikin gidanta aka yi shi. Gidanta na Sabon Gari ƙofarsa a buɗe take. Ɗiya ɗaya ta haifa, amma ta reni yara da yawa waɗanda ba nata ba: marayu, da waɗanda aka yasar, ba ta tambayar ƙabila ko addini. Matar da aka kora daga gidan miji, yarinyar da ta gudu daga auren dole, majinyacin da ba shi da kuɗin magani, nan suke nufa.

Aikin da ma'aikacin kyautata jin daɗin jama'a yake koya a makaranta ke nan: karɓar mai matsala, sauraronsa, ba shi mafaka, sasanta shi da danginsa, raka shi asibiti ko gaban alƙali. Gambo ba ta da takardar shaidar wannan aiki, ba ta da albashi, ba ta da ofis. Abin da take da shi, wanda ma'aikacin gwamnati sau da yawa ba shi da shi, shi ne ikon faɗin dalilin matsalar a bainar jama'a. Yarinyar da ta kwana a ɗakinta jiya ita ce hujjarta a kan dandamali yau. Haka kuma maganarta a dandamali tana da nauyi ne domin kowa ya san wa ke cin tuwo a gidanta. Kowane rabi yana riƙe da ɗan uwansa.

Ba ta tara dukiya ba. A ƙarshen shekarun 1990 ta janye daga siyasa, tana kukan cewa kuɗi sun maye gurbin aƙida. Ta rasu a Zariya a watan Oktoba na 2001, tana da shekara 68. An sa sunanta ga babban asibitin gwamnati na Ƙofar Gayan a Zariya, da wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a jami'ar Bayero ta Kano.

6. Wannan gefen iyaka

Yanzu mu komo ga macen Yauri da muka fara da ita. Ta yaya ta riga ƙanwarta samun ƙuri'a? A birnin Paris aka yanke maganar. Wata doka ta 1951 ta ba uwar ƴaƴa biyu ikon zaɓe a ƙasashen da Faransa ke mulki. Dokar 23 ga Yuni 1956 kuma ta ba kowa, mace da namiji. Da ita aka yi zaɓen majalisar ƙasa na 31 ga Maris 1957, wanda jam'iyyar Jibo Bakari ta ci. Ba macen ƙasar Matameye da aka ɗaure kafin a sami wannan haƙƙi.

Sai dai ƙuri'ar ba ta daɗe da amfani ba. Bayan zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958 da haramta Sawaba, jam'iyya ɗaya ta rage, wato RDA, kuma jerin ƴan takara ɗaya ake kawo wa mai zaɓe. Daga juyin mulkin 1974 aka daina zaɓen ƴan majalisa ɗungum, har 1989. A wannan shekara ce mata suka fara shiga majalisar dokoki, shekara 33 bayan dokar 1956. Mace ta farko cikin gwamnati, Aisata Mumuni, a 1987 aka naɗa ta.

Ta fuskar taimakon jama'a kuwa, gwamnati ce ta riƙe ragama. Aikin rayar da karkara, wanda ake kira «animasiyo», ya fara a farkon shekarun 1960, kuma ƙasar Matameye tana cikin yankunan farko da ya shiga. Daga 1966 aka buɗe reshen mata: ana horar da ungozomomi, ana koyar da tsabtar ruwan sha da abincin yara. A 1975 gwamnatin Seyni Kunce ta kafa ƙungiyar matan Nijar ta AFN. Waɗannan ayyuka sun yi amfani, amma suna da iyaka: ma'aikaciyar animasiyo tana iya koya wa ungozoma yadda za ta gane naƙudar da ta gagara, ba ta da bakin tambayar dalilin da ya sa mai naƙudar shekararta 14. Wato an sami rabi ɗaya na aikin Gambo, ɗaya rabin babu.

Rabin da ya ɓace ya bayyana ran 13 ga Mayu 1991, lokacin da dubban mata suka yi jerin gwano a Yamai, domin mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa. Aka ƙara musu kujeru, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar. A shekarar ce aka fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, wanda ya bazu ƙauyuka da yawa, har wasu matan asusun suka tsaya takarar kansila a zaɓen ƙananan hukumomi na 2004. Dokar kason mata ta 2000 ta tilasta a ba su aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe. Aka ɗaga zuwa 15 a 2014, zuwa 25 a 2019. Ƴan majalisa mata sun tashi daga 1 a 1999 zuwa 14 a 2004. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rushe majalisar dokoki, a 2024 kuma majalisun ƙananan hukumomi.

Amma magana ta farko da Gambo ta ɗauko tana nan. Dokar iyali da aka daɗe ana shiryawa ta ci tura a 1994. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa cikin matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24, kashi 76 cikin 100 an aurar da su kafin su kai 18, kashi 28 kafin su kai 15, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram sun zarce wannan lissafi. A 2017 gwamnati ta fitar da doka domin kare karatun ƴaƴa mata. Abin da ya sami Hajaratu a Sabon Gari tana da shekara 13 bai zama tarihi ba tukuna a ƙauyukan gefen biyu na iyaka.

7. Kammalawa

Kwatanta gefen biyu ya nuna mana abu uku. Na farko, haƙƙin da aka rubuta a takarda ba ya aiki da kansa: matan Nijar sun riga na arewacin Nijeriya samun ƙuri'a da shekara 20, amma muryarsu ba ta fito ba sai da suka taka da ƙafafunsu a 1991. Na biyu, taimako ba tare da neman gyaran doka ba yana rage zafi, amma gobe wata yarinyar za ta ƙwanƙwasa ƙofa da irin matsalar ta jiya. Na uku, mai neman gyara ana jin maganarsa gwargwadon yadda jama'a suka san hannunsa a cikin wahalarsu, kuma gwargwadon yadda ya kafa hujjarsa cikin harshensu da addininsu.

A Yauri da sauran garuruwan ƙasar Matameye akwai matan da gidajensu suka zama mafaka: ungozomomi, shugabannin asusu, malaman islamiyya, tsofaffin da ake kai wa ƙarar aure kafin a je wurin mai gari. Yawancinsu ba a rubuta sunayensu ko'ina ba. Ya kamata ɗalibai masu binciken zaman jama'a da na harshe su je su zauna da su, su ɗauki maganarsu da Hausarsu tun suna raye, kamar yadda aka yi wa Hajiya Gambo kafin rasuwarta. Da haka ne za a iya rubuta tarihin taimakon jama'a na wannan yanki.